Yadda zaka gane dutsen tsohuwar coci a cikin masallaci

Ƴan uwa ɗalibanmu na Ringim da Gumel da kewaye masu tafiya karatu Masar, dan Allah in kun shiga tsofaffin masallatai ku dinga ɗaga kai kuna kallon ginshiƙai, akwai tarihi a jikinsu wanda ba kowa ke lura ba.

Fara da masallacin Amru bin Asi dake Fusɗaɗ a tsohuwar Alƙahira, wanda aka kafa wajen shekarar 642 Miladiyya. Bayan ka idar da sallah tsaya ka kwatanta ginshiƙi biyu ko uku dake jere. In kaga kawunansu basu zama iri ɗaya ba, wani ma an ɗora masa ƙarin dutse don tsayinsa ya kamo na ƴan uwansa, to daga wani tsohon gini aka ɗebo su, kamar dai yadda muke cire azarar ɗakin da ya rushe mu rufa sabo da ita.

Sai ka matsa kusa ka duba sassaƙar dake kan ginshiƙin, nan ne aikin yake. Masassaƙan Kibɗawa (Kiristocin Masar) da Rumawa suna son ganye mai tsini-tsini da reshen inabi, wani kan kuma an huda shi an saƙa kamar kwando, marmara ce fa amma ka rantse kaba ce. Ganye kaɗai baya nuna na coci ne tunda tun kafin Kiristanci Rumawa na yinsa, abinda zaka nema shine gicciye a tsakiyar ganyen, ko gurbi mai santsi inda aka kankare shi. Haska fitilar waya daga gefe, inuwa zata fito maka da shatin.

Rubutu ma shaida ne. A masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda Walid bin Abdulmalik ya gina tsakanin 706 da 715 a wurin cocin Annabi Yahaya, har yau akwai rubutun Girkanci na Kiristoci a saman wata tsohuwar ƙofa ta bangon kudu. A masallacin Ƙairawan ta Tunisiya kuwa ginshiƙan da aka ɗebo daga tsofaffin gine-gine ɗaruruwa ne.

Kafin duk wannan ka fara zuwa gidan tarihin Kibɗawa, kusa yake da masallacin Amru, da ƙafa ma zaka je, idonka ya saba da zanen tukunna. Ka nemi izinin masu kula da wuri kafin ɗaukar hoto, kuma kar ka karce dutse da makulli wai kana dubawa.