Yadda zaka hadawa keken dinki fitilar LED wadda bazata mutu a wata daya ba

Duk telan da ya taba kwana a shago ana saura kwana uku sallah ya san halin da ake shiga, ga bakar shadda ga bakin zare, kwan da ke saman silin kuma inuwar kanka kawai yake jefo maka akan allura. Na dade ina sayen 'yan fitilun nan masu maganadisu, wata daya biyu sun fara kifce kifce, sai da wani mai gyaran rediyo a layinmu ya farke min daya a gabana sannan na gane ashe ba kwan ne ke konewa ba, waya ce ke ballewa daga wajen dalma. Keke irin Juki DDL-8700 yana iya yin dinki 5,500 a minti daya, toh wannan girgizar ce ke cinye fitila, zafi da man keke su karasa ta.

Ka shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta kace a baka LED din nan mai kama da tef, na bolt 12, lamba 5050 mai kwai 60 a mita. Santimita 20 ya isheka, kwai 12 kenan. Duk bayan kwai uku akwai layin da ake yankawa, a nan kadai zaka sa almakashi. Kuma dan Allah kar ka dauki farin nan mai shudi shudi na 6500K, yana gajiyar da ido kuma dashi ne zaka dinka bulu mai duhu da bakin zare sai da safe mai kaya ya nuna maka. Nemi 4000K zuwa 5000K, in ka samu wanda aka rubuta CRI 90 a jikin ledar, wato ma'aunin yadda haske ke nuna ainihin kalar kaya, to ka dace.

Sai ka biya wajen masu hada tagar alminiyom ka roki guntu mai kwari a tsakiya, yawanci a cikin tarkacensu ma zaka tsinta. Shi ke janye zafi, LED in baida inda zai sauke zafi haskensa raguwa yake a hankali. Ka goge shi tas da sifirit kafin ka manna tef din, amma kar ka yarda da gam din bayansa, zafin watan Afrilu a Kano da man keke sati biyu sun kwabe shi. Kara masa robar daure waya a baki da baki.

Yanzu wajen da aikin yake. Waya mai laushi zaka sa, mai kananan silla da yawa a ciki, banda mai silli daya ta wayarin din gida, wannan karyewa take. Ja a kan +, baka a kan -, a like da dalma, a zura robar nan da ke tsukewa in taji wuta, a dan diga silikon. Sannan ka lankwasa wayar ka daure ta a jikin alminiyom din kamar inci daya daga wajen dalmar, yadda in an fizgo ko keke ya girgiza daurin ne zai sha wahala ba dalma ba. Wlh wannan daurin kadai shine rabin aikin, kuma shi kowa ke tsallakewa.

Wuta kuma adafta ta bolt 12 mai amfiya 1 ta wadatar, guntun nan bai cika wat 3 ba. Kar ka kuskura ka kai wutar gida mai bolt 230 jikin kan keke, karfe ne kuma hannunka na kai wuni guda. Wasu motocin keken dinki masu kuloci suna da 'yar kafar jona fitila amma yawanci AC ce kuma ba lallai 12 ba, a auna da mitar gwada wuta tukuna. In kana so ka cigaba da gani idan an dauke wuta, batirin UPS mai 7Ah zai rike ta har asuba, sai dai kasa fis na amfiya 1 a jan waya dab da batirin.

Wajen dorawa ni a karkashin hannun keke nake sawa, bayan sandar allura, hasken ya sauka kan kyalle ba cikin idona ba. Maganadisu biyu masu karfi da aka daure da sukuru sun rike, in kan kekenka baya kama maganadisu sai kayi da robar daure waya. Ka bi da wayar ta baya nesa da bel da wili, ka bar mata rara sbd ranar da zaka kwantar da kan keke ka duba mai, na taba tsinka tawa a haka ina ji ina gani.

In ka kunna ka haska kyamarar waya akan kyallen, in kaga layi layi suna gudu a sikirin to adaftar ce mara kyau, canza ta kafin ta fara sa maka ciwon kai.