Yadda zaka yi wa ƙarafunan injin pinbol ɗinka fentin hoda ba tare da ka ɓata shi ba

Injin pinbol, wato injin wasan da ake buga ƙaramin ƙwallon ƙarfe a cikin akwati mai gilashi, in ya fara tsufa a ƙarafunan waje ake fara gani tun kafin filin wasan da ke ƙarƙashin gilashi ya nuna komai. Ƙafafu huɗun nan su kama tsatsa daga ƙasa, ƙarfen gaba mai danne gilashi inda tafin hannu yake zama ya dusashe saboda gumi, dogayen ƙarafunan gefe kuma su koɗe daidai wajen botin ɗin filifa, wato ƴan hannayen da suke dukan ƙwallo. Fentin gwangwani baya iya wannan wahalar, kafin ka ankara ya fara ɓarewa. Shi yasa masu son abin suke komawa fentin hoda, kuma gaskiya in aka yi shi da kyau sai ka rantse sabon inji ne aka sauke daga kamfani.

Shi fentin hoda babu ruwa babu tina a cikinsa, garin roba ne mai laushi da ake fesawa da wata bindiga mai sa masa cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an haɗa shi da wayar at, wato wayar da ke kai lantarki ƙasa, sai garin ya bi ya manne a jikinsa, daga nan a shigar da shi oben ya narke ya kama ya zama fata ɗaya mai tauri. Kaurinsa yakan kai maikiron 60 zuwa 100 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), ka riƙe wannan a ranka dan zai dawo mana anjima.

Fara da zaɓen abinda zai shiga fenti. Ƙafafu, ƙarfen gaba, ƙarafunan gefe biyu, hinjin da ke riƙe akwatin sama, ƙofar jefa kwabo, da gidan sandar harba ƙwallo, waɗannan duk babu matsala. Amma ni a nawa ganin duk inda ƙwallo yake bi ko yake duka kar ka kai shi. Ƙwallon pinbol ƙarfe ne zalla, faɗinsa kusan milimita 27, nauyinsa wajen giram 80, kuma da gudu yake zuwa, in ya yi ta dukan fenti dole wata rana ya fasa shi, ɓarɓashin ya zube a filin wasa ƙwallon ya riƙa jan sa yana goge maka zanen katako, kuma zanen nan shine abinda yafi komai wuyar gyara a injin gaba ɗaya. Akwai masu yi wa hanyoyin waya da ƙwallo ke gangarowa a kai fentin hoda, yana kyau a ido ba ƙarya, amma in dai injin da ake bugawa kullum ne gara a sake musu kurom ko nikel. Ita ma sandar harbawa kanta da sifirin ɗinta ka bar su yadda suke.

In kuma injin naka tsoho ne mai daraja na kamfanin Williams ko Bally ko Gottlieb, ka tuna Gottlieb ya rufe tun 1996, Williams kuma ya daina ƙera pinbol a 1999, masu tara irinsu suna son su ga kayan asali. To ka sayi sababbin ƙafafu da ƙarafunan gefe ka yi musu fenti, na asalin ka naɗe ka ajiye, ranar da zaka sayar zaka ji daɗin hakan.

Wajen kwancewa, cire filogi daga bango tukuna, kashe makunni kawai bai isa ba. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa kowace kusa, kowane sashe da ledarsa ka rubuta suna a jiki. Injin nan ya haura kilo 100 dan haka kar ka cire ƙafa sai ka ɗora shi a kan abu mai ƙarfi kuma da mai kama maka, haka akwatin sama, a riƙe shi kafin a kwance hinji. Ƙarafunan gefe sune masu ban haushi, a injinan shekarun 1990 da tef mai gam gaba da baya aka manne su ban da kusoshi, kuma sirara ne, in ka fizga da ƙarfi suka lanƙwashe ba sa komawa daidai. Ka ɗan ɗumama da na'urar busar da gashi, ka zura siririyar wuƙar foti kana bi a hankali, ka sa kwali a ƙasa dan kar ka kankare hoton jikin akwati. Ƙofar kwabo kuma sai ka yi mata tsirara, makulli, kwararan fitila, wayoyi, robobi, duk a fita da su, da soson da ke ƙarƙashin ƙarfen gaba, domin duk abinda ba ƙarfe ba narkewa zai yi.

To nan ne ainihin aikin yake, wato gyaran ƙarfe kafin fenti, kuma nan ne mafi yawan masu kuka suka yi sakaci. Hoda bata ɓoye laifi, in akwai rami na tsatsa ko lotsawa haka zai fito bayan an gasa har ma ya fi fitowa in kalar mai sheƙi ce. A wanke maiƙo da ragowar gam da asiton, sannan a feshe ƙarfen da yashin alminiyom oksaid har sai ya fito fes da ɗan kaushi-kaushi da hoda zata kama. Ka ce wa mai feshin ya rage ƙarfin iska a kan ƙarafunan gefe dan matsi mai yawa yana murɗe su. In ƙafafun masu kurom ne kuma ya fara tashi, a cire shi gaba ɗaya, fenti a kan kurom mai ɓarewa tare zasu zube. Shi kuma abinda aka zuba a zubi kamar gidan sandar harbawa yana da ƙananan ramuka masu riƙe iska da mai, sai a fara gasa shi haka nan babu fenti da zafin da ya ɗan ɗara na gashin, in ba haka ba zaka ga fentin ya yi ƙuraje. Daga nan kar ka sake taɓa ƙarfen sai da safar hannu.

Kaurin nan da na ce ka riƙe, ga inda yake aiki. Duk wani rami mai zare, musamman na ƙasan ƙafa inda ake murɗa madaidaicin tsayi, a toshe shi da toshiyar silikon. Haƙoran ƙarƙashin ƙarfen gaba da suke shiga makulli a rufe su da tef mai jure zafi, in suka yi kauri ƙarfen zai ƙi kulluwa ka yi ta fama. Inda hinji yake juyawa ma haka.

Maganar kala, ka nemi hodar foliyesta dan ita hasken rana baya kashe ta kamar ta efoksi. Ka ɗauki kala ɗaya daga hoton jikin akwatin ka bi ta, ɗaya tak, in ka tara uku huɗu sai injin ya rikice ido ya rasa inda zai tsaya. Lambobin RAL, wato tsarin da ya ba kowace kala lambarta, suna taimako dan ku fahimci juna da mai fenti, kuma ka nemi ya gwada maka a ɗan guntun ƙarfe ka ɗora a jikin injin ka kalla da fitilunsa a kunne, hoton waya yana yaudara. Kalolin kandi masu shara-shara sai an fara sa mai sheƙin azurfa a ƙasa, gashi biyu kenan. Baƙi mai yamutsattsen jiki irin wanda kamfanin pinbol na Stern ke yawan sawa baya nuna shatin yatsa, mai santsi kuwa kullum kana goge.

In da kanka zaka fesa, sa takunkumi mai tace ƙura, ka rataye kayan da ƙugiya a wajen da ba za a gani ba, ka tabbatar at ɗin ya kama sosai. Ka fara da lungunan cikin ƙafa, ka rage cajin bindigar, saboda hoda tana gudun lungu ta taru a baki. Oben ɗin girki kuwa kar ka kuskura, kuma ma ƙarafunan gefe sun fi mita ɗaya tsawo ba za su shiga ba, shi yasa da yawa suke kai manyan wajen masu sana'ar. Yawancin hoda tana son zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Selshiyos na minti 10 zuwa 15, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai zafin, ba lokacin da ka rufe ƙofa ba, dan haka ka auna shi kuma ka bi abinda ke rubuce a jikin hodarka. A fesa duka kayan rana ɗaya daga buhu ɗaya dan kalar ta zo iri ɗaya.

Wajen mayarwa akwai abinda nake roƙonka kar ka tsallake. A cikin akwatin akwai wata saƙaƙƙiyar waya da ta zagaya tana haɗa ƙarafunan da hannu ke taɓawa da at, dan in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa maimakon ta bi jikin mai wasa, kuma fentin hoda baya barin wuta ta wuce. To duk inda wayar nan ko kusarta take haɗuwa da ƙarfe, ka goge fentin da sanfefa ta ciki har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaura, sannan ka sa mitar gwajin lantarki tsakanin ƙafar at ta filogi da ƙarafunan gefe da ƙarfen gaba da ƙofa, kowanne sai ya nuna a haɗe yake kafin ka jona wuta. Ka sa wosha ta roba ƙarƙashin kan kusoshin ƙafa dan kar sifana ta fasa sabon fenti, da kariya tsakanin ƙafa da jikin akwati dan kar ta yamutsa hoton. Da ya tsaya da ƙafarsa sai ka daidaita hagu da dama, ka saita gangaren filin wasan, a digiri 6.5 in injin na zamani ne, sannan ka mayar da gilashi.