Yadda ake samun ƙaramin kwandon da zai zauna daidai a kariyar roba-roba a Jos

Duk mai hawa roba-roba ko Vespa a Jos ya san wahalar rataya ledar cefane a hannun mashin daga Farin Gada zuwa gida: tumatir ya matse, leda tana lilo tana bugun gwiwa, ga gangara ga kwana. Ƙaramin kwando a kariyar baya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bayan sit, yana raba mutum da wannan, amma kariyar ce ke zaɓen kwando. Yawancin masu yin asara a kasuwa suka ga kwando ya burge su, suka biya, sai a gida suka tarar bai hau ba.

Kafin ka fita, ɗauki tef ka auna tsawon kariyar, da faɗinta, da tazarar da ke tsakanin sandunanta. Sannan ka ɗaga sit ɗin gaba ɗaya ka ga inda bayansa ke bi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. A yawancin irin waɗannan mashina bakin tanki yana ƙarƙashin sit, to idan kwando ya matso gaba da yawa, sai ka isa gidan mai sit ya ƙi buɗuwa. Bar aƙalla yatsu uku tsakaninsu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanka kwali daidai girman wurin da ya rage, ka tafi da shi kasuwa kana ɗora shi a gindin duk kwandon da aka nuna maka. Inci 12 a tsawo, 10 a faɗi, zurfin inci 8 ko 9 ya ishi cefanen yini.

Duba jikin kariyar ko takardar mashin, wani lokaci ana rubuta nauyin da za ta iya ɗauka, kuma galibi tsakanin kilo 3 ne zuwa 5. Nauyin kwandon kansa yana ciki. Jakar fiya wata guda, mai ƙulli 20, kilo 10 ce, ta ninka ƙa'idar ke nan. Kariya tana can baya ne a saman tayar baya, don haka duk abin da aka ɗora mata yana sa gaban mashin ya yi sakayau, musamman a hawa. Dankalin Turawa da galan ɗin mai wurinsu tsakanin ƙafafu ko ƙarƙashin sit. Kwando na kabeji ne da latas da burodi da jakar makaranta.

A shagunan kayan mashin da na keke a kewayen Terminus za ka ga kwandon waya irin na gaban keke. Ba shi da nauyi, ruwa ba ya kwanciya a ciki, sai dai wayarsa siririya ce, girgiza tana ɓalle ta daga gindi. Danna gindin da babban yatsa. In ya lotsa, ajiye musu abinsu. Kwandon roba mai kauri, irin na kayan miya, ba ya tsatsa kuma yana da araha, amma rana tana busar da shi har ya fara tsagewa daga inda aka huda. A ganinmu, wanda ya fi su duka shi ne na mai walda. Kai masa mashin ɗin da kwalin, a Dilimi ko a unguwarku, ya lanƙwasa firam da rodi mai kaurin milimita 6, ya rufe da ragar ƙarfe. Gaya masa tun farko kada ya sa ƙarfe mai kusurwa, don masu walda suna son abu ya yi ƙarfi, sai kwandon kaɗai ya cinye rabin nauyin da aka yarje wa kariya. Ya goge bakin waldar kada ta yaga leda ko rigar wanda aka goya, ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin baƙi. Damina a Jos tana da tsawo, ƙarfen da ba a yi wa haka ba ba ya kai baɗi da kyansa.

Wajen ɗaurawa, kada a huda sandunan kariya, kada kuma a like kwandon da walda. Huji yana raunana bututun, daga nan yake karyewa. Walda kuma tana ƙona fenti, ta hana ka cire kwandon ranar da kake son ɗaure wani kaya. Matse kariyar ake yi a tsakiya. A yanka falankin ƙarfe guda huɗu masu faɗin inci ɗaya, biyu a cikin kwando, biyu a ƙarƙashin kariya, a gicciye da sandunan. A haɗa su da kusoshi huɗu masu noti, irin waɗanda sifana mai lamba 10 ke kamawa, kowanne da wosha sama da ƙasa. Kan kusar ya kasance a cikin kwando, notin a ƙasa, don kada tsinin ya huda kaya. Tsakanin kwando da kariya a shimfiɗa yankin tsohon tub na taya. Shi ke kashe ƙara, ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A sa noti irin mai roba a cikinsa, in babu a ɗaura biyu-biyu. Idan kwandon roba ne, wosha ta zama mai faɗi kuma kada a matse har robar ta yi fari.

Waya ko igiyar roba kaɗai ba ɗauri ba ne, ramin farko zai karkatar da kwandon. Amfanin igiyar roba shi ne riƙe kaya daga sama kada su yi tsalle, kuma a tabbata bakinta bai sauko kusa da taya ba.

Da an gama, tsaya a bayan mashin taku goma wani ya taka birki ya kunna sigina. Dole danja da lambar mashin su fito sarai. Sa kaya kamar kilo 3, zagaya kan hanya mai gargada, ka saurari ƙara. Bayan mako guda a sake bin notin huɗun da sifana, har da waɗanda suka riƙe kariyar a jikin mashin, domin robar tana kwanciya ɗaurin ya saki.