Yadda Ake Amfani da Maganin Ƙwayoyin Cuta Bisa Yadda Yake Aiki

Kowane maganin ƙwayoyin cuta yana da wurin da yake kai wa hari a jikin ƙwayar, kuma idan ƙwayar ba ta da wannan wurin, an sha maganin ne a banza. Saboda haka abu na farko shi ne a bar likita ya tantance ko bakteriya ce, ko fangas, ko bairos, kafin a nufi kemis.

Bakteriya tana kewaye da wani bango mai tauri wanda ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba su da irinsa. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amoksisilin da ampisilin, suna hana ta gina wannan bangon, sai ruwa ya cika ta har ta fashe. Tetrasaiklin da jentamaisin kuwa suna tsayar da sashen da yake ƙera mata furotin, yayin da siprofuloksasin yake hana ta kwafin ƙwayar gadonta, ta kasa hayayyafa. Bairos mai kawo mura ba shi da irin waɗannan sassa, don haka shan amoksisilin saboda mura asarar kuɗi ce kawai.

Idan an rubuta maganin, a kiyaye tazarar lokaci. Sau uku a rana yana nufin kusan duk bayan awa 8, domin maganin yana aiki ne muddin yawansa a jini bai ragu ba. A cika kwanakin da likita ya ɗiba, kada kuma a ajiye ragowa don wani ciwon ko a ba maƙwabci. Wanda aka ba tetrasaiklin ko siprofuloksasin kada ya haɗa shi da nono ko madara ko maganin ƙwannafi, domin sinadaran da suke cikinsu suna ɗaure maganin a hanji su hana shi shiga jini. A bar aƙalla awa 2 a tsakani. Shi tetrasaiklin, wato kafson nan mai ja da rawaya da wasu suke fasawa su barbaɗa a kan gyambo, ba a saba ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana ɓata launin haƙora.

Fangas, mai kawo makero da kora, lamarinsa dabam ne, domin ƙwayarsa ta fi kama da tamu, shi ya sa magungunansa ba su da yawa. Raunin da ake bi ta kansa shi ne wani kitse da ake kira agosterol a fatar ƙwayar. Kulotirimazol da fulukonazol suna hana ta haɗa shi, nistatin kuma yana manne masa ya huda fatar. Wajen shafawa, a wanke wurin a busar da shi, a shafa har a ɗan zarce gefen tabon, a kuma ci gaba na mako ɗaya zuwa biyu bayan ya baje. A guji man shafawa mai haɗe da siteroyid, wanda yake kwantar da ƙaiƙayi amma ya bar fangas yana yaɗuwa. Korar kan yaro kuwa shafawa kaɗai ba ta isa gare ta, tunda tana cikin saiwar gashi. Sai an sha girisiyofulbin na makonni 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo domin ya fi shiga jini.