Yadda ake hawan tsaunukan Bahar Maliya na Sudan da kan jirgin tururi aji 500 a da

Layin dogo yana tashi daga Bur Sudan a bakin teku, ya bi ta Sallum, Jabet da Sinkat, har tashar Samit da ke sama da mita 900, sannan ya gangara Haya da Atbara. Faɗinsa milimita 1,067 ne. Kawunan aji 500 guda 42 ne, kamfanin North British na Gilasgo ya ƙera su a tsakiyar shekarun 1950: ƙananan ƙafafu 4 a gaba, manya 8 masu ja, 2 a baya. Baƙin mai suke sha a zamanin da suke aiki. Mai kula da wuta shi ne atashji, kamar yadda tsofaffin ma'aikatan sikka hadid, wato layin dogo, har da Hausawanmu, suke kiransa.

Kafin a tashi, a ɗumama man da tururi har ya saki jiki, don mai kauri ba ya feshi, sai dai ya kwanta a ƙasan murhu yana hayaƙi. A buɗe famfunan ƙasan silinda, ruwan da ya kwana ciki ya fita. Ruwa ba ya matsuwa. Idan fistin ya daka shi, murfin silinda ne zai fashe. A gwada injektocin ruwa duka biyu, wato na'urorin da ke ɗura ruwa a tukunya da ƙarfin tururi, a cika akwatin yashi da busasshen yashi tankaɗaɗɗe.

A kan hawa, idonka na kan bakin hayaƙi. Siririn toka-toka shi ake so. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Ba komai sam, iska ta fi ƙarfin mai, tururi zai faɗi. Wutar mai tana tara kunkunniya a bututun tukunya, sai zafi ya daina ratsa ƙarfe. Maganinta yashi: lokacin da injin ke ja da ƙarfi, a zuba 'yan ludaya ta ƙaramar kafar ƙofar murhu, iska ta ja shi ya kankare bututun. Za ka ga baƙin gajimare ya tashi, sannan allurar tururi ta fara ɗagowa. Kada a yi haka injin yana tafiyar sanyi, yashin a murhu zai zube.

Idan ƙafafu suka zame, direba ya rufe tururi tukuna, su lafa, sannan ya saki yashi kan dogo. Wanda ya zuba yashi suna cikin juyi, za su cafke farat ɗaya, sandar ja ta lanƙwashe. Shi kuwa atashji kunnensa na wajen direba: da an rufe tururi, ya rage mai, ya buɗe mahurin hayaƙi, wato feshin tururi mai jan hayaƙi waje, in ba haka ba wuta ta yo baya ta lashi fuskokinsu.

Amma inda ake tafka asara shi ne ƙoli, kuma gilashin ruwa ne ke yaudarar mutum. Gilashin, mai nuna yawan ruwan tukunya, yana bayan tukunya, ta wajen murhu. A hawa ruwa yana komawa baya, sai gilashi ya nuna ya cika alhali bai cika ba. Da kan jirgi ya sunkuya, ruwan ya gudu gaba. Lissafin ba wuya: tukunya mai tsawon mita 10, daga hawan 1 cikin 100 zuwa gangara irinta, ruwan bayanta zai sauka kimanin santimita 10, kuma rufe tururi da taka birki suna ƙara saukar da shi. Idan rufin murhu ya bushe, toshiyar dalma da aka sa a rufin don kariya ta narke, tururi ya kwararo cikin murhu, tafiya ta ƙare ke nan, in ma Allah ya taƙaita a nan. Don haka tun daga Sinkat a riƙa ɗura ruwa kaɗan-kaɗan, a isa Samit gilashi bai gaza kashi uku cikin huɗu ba. Kada kuma a wuce gona da iri: ruwa mai gishiri yana kumfa, ya bi tururi zuwa silinda. Alamarsa farin feshi a bakin hayaƙi da sautin injin da ya dishe. A buɗe famfunan silinda nan take, a kuma zubar da ruwan gindin tukunya a tasha ta gaba.

A gangara a bar 'yar wuta tana ci, don bututu masu zafi idan iska mai sanyi ta buge su sai bakinsu ya fara yoyo. Injekta kuma ba ta jan ruwa mai zafi. Idan ranar sahara ta dafa tanki, injekta ta ƙi kamawa, a rufe mata tururi, a bar ruwa ya bi ta cikinta ya zube har ta huce, sannan a sake gwadawa.