Ayyukan da ƙaramin manomi zai kammala kafin hunturu ya kankama

Daga ƙarshen watan Oktoba da ruwan sama ke ɗaukewa zuwa farkon Disamba da iskar arewa maso gabas ke fara kawo ƙura da sanyi, manomi yana da 'yan makonni ƙalilan, kuma yadda ya yi amfani da su shi ke nuna ko hatsinsa zai kai shi bazara. Saboda haka aikin da ya kamata ya sa a gaba shi ne adana abin da ya girbe, sauran ayyukan su biyo baya.

A fara da rumbu tun kafin a kawo damman gero da dawa daga gona. A fitar da ragowar tsohon hatsi, a share cikinsa sarai, a toshe duk wata tsaga da sabon yaɓe, domin a nan ne ƙwari ke fakewa su jira sabon amfani. A duba duwatsun da rumbun yake kai, a kankare hanyar gara idan an gan ta, sannan a sake jinka idan ta ruɓe.

Wake ya fi komai buƙatar kulawa, domin yakan shigo gida da ƙwan ƙwaro tun daga gona, cikin wata biyu ko uku sai a buɗe buhu a tarar da huji da gari. A shanya shi a kan tamfol, ba a kan ƙasa ba, har sai ƙwayar ta yi ƙaras idan an cije ta. Daga nan a zuba shi a buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka ta Yamma, har da na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, reshenta da ke Maraɗi. Buhun yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A hura kowace leda a tabbatar ba ta da huji, a matse iskar da ta rage a saman hatsin, a murɗe bakin kowace a ɗaure ta daban. Rashin iska shi ke kashe ƙwaron, don haka babu buƙatar zuba ƙwayar guba, wadda ni a ganina bai dace ta kusanci ɗakin da yara ke kwana ba. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera.

Harawar wake da ta gyaɗa kuwa a ɗaure ta tun tana da sauran kore, a ɗora a kan rumfa ko a reshen bishiya, domin ita ce za ta riƙe awaki da tumaki a watan Maris da Afrilu lokacin da daji ya ƙone. Karan dawa a tara shi wuri guda don danga da makamashi, amma a share fili mai faɗi kewaye da tarin, tunda gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa.

A kare garken dabbobi da zana ta ɓangaren da iska ke bugowa, musamman saboda ƙananan 'yan awaki da sanyin asuba ke sa wa tari. Kaji ma a yi musu rigakafi tun a watan Nuwamba, domin annobarsu ta fi yawaita a wannan lokaci, kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi na yanki zai nuna maganin da ake ɗigawa a ido ko a ruwan sha. Takin da ya taru a turke a fara kwashe shi zuwa gona a amalanke, a jibge shi tsibi-tsibi, kada a baza har sai an kusa shuka.