Kurakuran da ke ƙara tsananta ekzima a lokacin hunturu

A Bauchi, da zarar iskar hunturu ta kankama wajen watan Disamba, sai ka ga iyaye mata suna sintiri tsakanin kemis da mai maganin gargajiya saboda yaron da susa ta hana barci. Sau da yawa ekzima ce. Abin da ke damuna shi ne, rabin wahalar da yaran nan ke sha daga hannun masu ƙaunarsu take fitowa, cikin rashin sani.

Tun wurin gane cutar ake fara kuskure. Duk abin da ya fito a fata sai a ce kyasbi ne ko makero ko ƙazuwa, a sayo maganinsu. Kyasbi da makero fungas ke kawo su, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, ƙazuwa kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga fata. Ita ekzima fata ce da ba ta iya riƙe danshi, sai ta bushe, ta tsattsage, ta yi ta ƙaiƙayi. Tana bin jini, musamman a gidan da ake da masu asma. A jariri kumatu take kamawa, a yaron da ya tasa kuwa lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. A baƙar fata ba lallai wurin ya yi ja ba. Yakan yi duhu ko fari-fari kamar an barbaɗa toka, in susa ta daɗe ya yi kauri. Ba a ɗaukar ta, don haka a daina ware wa yaro kwano da shimfiɗa.

Sai wanka, inda aka fi yin ɓarna. Uwa ta ga fata ta yi ɓawo, sai ta ɗauka dauɗa ce, ta tafasa ruwa, ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta kama soso ta dirje yaro da sabulun magani. Wannan yana wanke ɗan maiƙon da ya rage wa fatar ne. Ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, minti 5 zuwa 10, ba soso, sabulu marar ƙamshi ɗan kaɗan. A dandanna tawul, kada a goga, a shafe jiki da Vaseline ko man kaɗe tun fatar na da laima. A ƙara shafawa aƙalla sau biyu a rana, kuma kada a daina don an ga sauƙi. A ganina wannan mai shi ne ginshiƙin magani, amma don yana da araha ake raina shi.

Man kemis ɗin nan mai haɗin magani uku fa, a yi hattara. Yawancinsu na ɗauke da sitiroyid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi irin su betamethasone ko clobetasol. Ƙaiƙayi zai kwanta da wuri, shi ya sa ake ta yaba su, amma in aka ɗauki watanni ana shafawa a fuska ko jikin jariri, fata za ta yi siriri, ta yi haske, ta yi zane-zane. Wasu kuma tsoro ya sa sun guji sitiroyid baki ɗaya, wanda shi ma kuskure ne. Idan cutar ta taso, likita kan ba da mai sauƙi kamar hydrocortisone na ɗan lokaci. Abin da aka matso daga kan ɗan yatsa zuwa gaɓar farko ya isa shafe wuri mai faɗin tafin hannun babba guda biyu.

Lemun tsami, tafarnuwa da toka ƙona fatar kawai suke yi. Rigar sanyi ta ulu kada ta taɓa jiki kai tsaye, a sa ta auduga a ciki. A ɗauraye kaya sosai bayan wanki, a bar turara kayan yaron, a yanke masa farce. Kada a hana shi ƙwai, madara ko gyaɗa bisa zato sai da shawarar likita.

In wurin ya fara tsatsar ruwa, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko mugunya, ko ƙananan ƙuraje masu zafi suna bazuwa da sauri tare da zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga. A ranar za a kai shi asibiti mafi kusa. Idan kuma an yi makonni ana kulawa yadda ya dace babu sauƙi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.